Yadda Oba-obar Inna Ta Yi Shiru

Sana'ata sayen wake da gero. Sitona yana Bukkuyum, iyalina suna Gummi, mahaifiyata kuma, Inna, tana ƙauyenmu ta wajen Zugu, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ƙanena, autanmu, shi ke zirga-zirga a kan babur tsakanin ƙauyuka da sito, ya auno hatsi ya ɗoro, ya kwana a gida wurin Inna. Haka rayuwata ta rabu wuri uku, kuma ban tuna ranar da hankalina ya kwanta a kan duka ukun lokaci guda ba.

Tun da mutanen daji suka lalata mana hanyoyi, magana ɗaya ce tsakanina da Inna, wato ta taso ta dawo Gummi ta zauna da mu. Na lallashe ta, na yi fushi, na tura mata ƙannenta, na sa liman ya sa baki. Ta kafe kai da fata. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona in tana mini magana ba. Bango take kallo ta ce, "A bar ni ɗakina. Nan anka kawo ni, nan ni ka jiran lokacina. Ba ni tahiya birni in zamna ina ƙirgan kwanon rufin wani."

Ana cikin wannan ja-in-ja aka yanke layin waya a jiharmu baki ɗaya, wai don a toshe wa mutanen daji kunne. Ko an toshe nasu ban sani ba, namu dai ya toshe. Wayoyinmu suka koma tocila. In auta ya bar sito da la'asar, ba ni da labarin ko ya isa gida sai gobe in na gan shi ya dawo, in kuma ya baro gida da safe, Inna ba ta da labarinsa sai yamma. Na rame a wannan lokaci har matata ta fara zargin ko wata cuta nake ɓoye mata.

Wata ranar kasuwa wani mai sayar da kayan lantarki ya zo daga Gusau, dogo mai yawan share gumi, da kwali cike da oba-oba, 'yar rediyon hannun nan irin ta masu gadi, wadda ake danna maɓallin gefe a yi magana, a saki a saurara. Na tambaye shi ko ba za ta jawo mana bala'i ba, don kowa ya san su wa ke yawo da irinta a daji. Ya ce yana da lasisin kasuwanci, duk wadda ya sayar tana ƙarƙashin lasisinsa, kuma ya ba kowa kwafin takardar a cikin leda. Na sayi tawa, da ta auta, da ta Inna. Abin da bai faɗa mini ba sai da na biya shi ne ba ta da dogon zango. Daga bakin sito ko rabin hanyar ƙauyenmu ba ta kaiwa. Na hau tsani na tsaya a kan rufin sito ina ta sallama kamar mai kiran sallar da ba jama'a, 'yan dako suna ƙasa suna mini dariya.

Ina shirin saukowa in je in shaƙe wuyan dogon nan, sai na ji an amsa. Murya ce mai kauri da ƙarar inji a bayanta, da Hausa irin ta rediyo. Ya ce, "Wa alaikumus salam. Wane ne wannan yake ta sallama tun ɗazu?"

Ashe mai injin niƙa dutsen zinariya ne, wani mutumin gabas da ya zo neman abinci ƙasarmu ya daɗe. Tun da aka gane ƙurar dutsen nan tana kashe yara aka fitar da injinan daga cikin gidaje, shi ya sa nasa yake can kan wani tudu, nesa da kowa, kusan tsakiyar hanya tsakanin Bukkuyum da ƙauyenmu. Shi ma wurin dogon ya sayi tasa don magana da masu haƙa a rami. Kuma duk rediyon da dogon ya sayar a kan layi ɗaya suke, ko don lalaci ko don haka lasisinsa ya ce, ban sani ba. Daga kan tudu yana jin ni, yana jin ƙauyenmu, yana jin 'yan kabu-kabun da suka sayi nasu suna yawo da su a hanya. Na ce masa uwata tana can ƙauye, ko zai riƙa miƙa mata saƙo. Ya ce wannan ai ba sai an roƙa ba.

Ba wanda ya zauna ya tsara abin. Haka kawai ya zama ana yi. Bayan la'asar zan hau rufi in ce auta ya taso, mai inji ya faɗa wa Inna, ɗan kabu-kabun da ya biyo hanyar ya sa baki ya ce lafiya lau take, ko ya ce a dakata an ga baƙin babura a gindin tsamiya. In auta ya shiga gida, Inna ta faɗa wa mai inji, shi ya faɗa mini, sannan in sauko in iya cin abinci.

Amma kafin a kai nan an sha fama da Inna. Ita oba-oba ba ta yarda mutum biyu su yi magana lokaci guda, kuma in ɗaya ya danne maɓalli, duk wanda ke kusa ba shi da bakin magana sai ya saki. Mu kuwa mutane ne masu gaisuwa a tare. Kai kana ina wuni, shi yana lafiya lau, kana ina gajiya, yana ba gajiya, duk a cakuɗe, kowa ya ji ɗan'uwansa. To a oba-oba in kuka yi haka, ku biyun kun gaisa da iska. Makon farko Inna da mai inji kullum sai sun danne tare, kowa ya gama gaisuwarsa tsaf, su saki tare, kowa ya yi shiru yana jiran amsa, kowa kuma ya ji haushin ɗan'uwansa bai amsa ba. Inna ta aiko mini da auta cewa wannan baƙon ba shi da tarbiyya. Shi kuma ya tambaye ni a hankali ko tsohuwar tana da matsalar kunne.

Da aka gyara wannan sai wata ta ɓullo. Inna in ta danna ba ta saki. Sai ta gaida mai inji, ta tambayi iyalinsa da ba ta taɓa gani ba, ta gaida yaran rami, ta gaida 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya da sunan ƙauyukansu, ta yi wa matafiya addu'a, ta yi wa marasa lafiya, ta koma kan waɗanda suka riga mu. Duk wannan lokacin kasuwancin rabin ƙaramar hukuma a tsaye yake. Mai haƙa yana son a sauko masa da igiya, ba hali, Inna tana kan marasa lafiya. Na je har gida na zauna a gabanta na ce, "Inna, abinga ba wa'azi aka yi da shi ba. Ki hwaɗi abin da za ki hwaɗi ki saki."

Ta kalli bango ta ce, "Wanda ba a gaisa da shi ba, ƙaƙa za a aike shi?"

Abin haushi, da na koma ina ba mutane haƙuri, su suka hana ni. Wani ɗan kabu-kabu ya ce in bar ta, shi in bai ji addu'ar tsohuwar nan ba kafin ya shiga dajin, jikinsa ba ya ba shi. Mai inji ya ce ya riga ya mayar da lokacin shan shayinsa daidai da gaisuwarta, yana kashe inji ya huta. Matan unguwarmu kuma suka mayar da tsakar gidan Inna wurin zama bayan la'asar, kowace ta zo da aikin hannunta ta ji ko nata ya wuce lafiya. Tana ajiye oba-obar a kan faifai, ta rufe ta da kyalle don kada kaji su taka. Caji kuwa auta ke kai ta shagon mai sola.

A wannan zamanin na daina yi mata maganar tashi. Ba don hanya ta gyaru ba, ba ta gyaru ba. Amma ina jin ta kullum ta bakin mai inji, ita ma tana jin mu, sai zaman nata ya zama abin da zuciya za ta iya ɗauka. Da aka maido da layin waya a garuruwa ma ba abin da ya canza mana, don ƙarfen sabis ɗin da ke wajenmu ba a sake tayar da shi ba, ba mai yarda ya kai masa man janareta ta wannan hanya. Wayar Gummi da Anka da Bukkuyum ta dawo, ta ƙauyenmu tana nan tocila.

Sai ga dogon Gusau ya dawo, wannan karon ba kwali, sai kwamfuta da wata igiya a jaka. Tun daga yadda ya daɗe yana gaisuwa na san ba alheri ya kawo shi ba. Ya zauna a kan buhun wake ya share gumi ya ce, "Alhaji, doka ta canza. Yanzu ba a yarda mai saidawa shi ruhe kowa da lasisinai ba. Kowace sana'a ta yi rajista da sunanta, a ba ta layinta ita kaɗai, a kulle rediyonta bisa shi. Kuma mai yi maka aiki kaɗai ka riƙa ta."

Na ce, "To mai inji hwa?"

"Nashi layi daban."

"'Yan kabu-kabu?"

"Daban."

"To in nid danna, wa ka ji na?"

"Mutanenka."

Na ce, "Mutanena su na waɗanga da kac ce daban."

Ya sake share gumi. Ya ce takardar da ke cikin ledarmu ta kusa zama takardar ƙosai, kuma duk wanda aka kama da oba-oba a shingen bincike ba takarda mai rai, ba za a tambaye shi wake yake sayarwa ko gero ba, mai kai wa mutanen daji labari za a ɗauke shi. A ƙasarmu gara a ce maka ɓarawo da a ce maka infoma, don ɓarawo yana komawa gida.

Ban ce masu dokar ba su da hujja ba. An ce layukan sun cunkushe, an ce miyagu suna fakewa a cikin masu sana'a, an ce gara a san kowace rediyo hannun wa take. Duk na yarda. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, waɗanda ake tsoron suna can da nasu masu dogayen eriya, ba su taɓa neman izinin kowa ba, ba kuma za su nema ba. Mu da muka naɗe takarda a leda muka ajiye a aljihun gaba, mu aka sami adireshinmu.

Na fara jigila zuwa Gusau. Wanda bai bi hanyar nan ta Anka ba ba zai gane abin da nake nufi da gajiya ba. Ka fito da sassafe, ka jira mota ta cika, ka sauka a kowane shinge ka taka da ƙafa, ka koma ka matsu, kana kallon daji dama da hagu har wuyanka ya ƙage. Ka isa a ce wanda ke sa hannu ya fita, ka dawo jibi. Ka dawo jibi a ce hotonka ya yi duhu. Na yi wannan zuwa har mai shayin bakin ofishin ya san yadda nake son nawa. Sito kuwa a bar wa auta shi ga lokacin kaka ya matso, dillalai suna kwashe wake mai kyau ina can ina zaune a benci.

Jami'in da na ƙare a gabansa mutum ne mai ladabi, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce rediyon da ke gidan uwata ba za ta shiga ba, don gida ba wurin sana'a ba ne. Na ce, "Yallaɓai, wakena na cikin rumbunta tun kahin in gina sito. Ita ka tsaron shi, ita ka shanya shi, ko ɓera ba shi isa shi taɓa." Gaskiya na faɗa. Ya yi murmushi ya rubuta Inna a matsayin mai kula da ma'ajiya. Sai na ga fuska, na zayyana masa duk yadda muke yi, rufin sito da tudu da 'yan kabu-kabu da matan tsakar gida. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye biro ya ce, "Baba, na fahimce ka wallahi. Amma wannan rediyon ba don haka aka tsara ta ba. Ta cikin wurin aiki ce, tsakanin maigida da ma'aikatansa."

Na tambaye shi na'urar ƙara zango da na ji ana kafawa a kan dogon ƙarfe. Ya ce wannan wani lasisin ne daban, na manyan kamfanoni, kuma sai injiniya ya je ya duba wurin da idonsa. Na faɗa masa sunan ƙauyenmu. Ya miƙo mini takarduna, mu biyun mun san ba injiniyan da zai bi wannan hanya. Da mugu ne da na ji sauƙi, da na sami wanda zan zaga a hanyar komawa. Haka na fito da takardata mai kyau, raina a dagule.

Dogon ya zo ya sa igiyarsa ya kulle namu a kan sabon layinmu. Mu uku a duniya, ni da auta da Inna, ba mai katse mu, ba mai jin mu. Mai ramin da mai inji ke yi wa aiki ya yi tasa rajistar aka ba su nasu. 'Yan kabu-kabu suka yi ta taro a kan sunan wa za a rubuta, kowa yana tsoron ya zama shi za a nema in wani ya yi laifi, har wa'adi ya wuce, suka tattara nasu suka jefa a akwati. Ranar farko na hau rufi bayan la'asar don sabo. Layin tsit, ko ƙara babu. Inna ta cika kowace ƙa'ida, sunanta yana rubuce a Gusau, kuma ba ta jin kowa sai in auta ya kusa shiga gari, lokacin da ko ba rediyo za ta ji ƙarar baburinsa.

Na yi dabara ɗaya da ta rage. Na ƙara rajistar wata a kan layina na kai wa mai inji har tudu, na ce ya riƙe biyu, tasa da tawa. Ya karɓa ba musu. Muka ɗan farfaɗo, ko da yake ba kamar da ba, don ba 'yan kabu-kabu masu ba da labarin hanya, kuma Inna ta ce gaisuwar ta zama kamar ta gidan da aka yi ƙaura. Ba a daɗe ba ya taho Anka sayen bel ɗin inji, ya manta tawa tana cikin jakarsa. Aka tsayar da shi a shinge. Baƙo, mai Hausar wani wuri, da rediyo biyu, ɗaya da sunan wani mai wake da ba ya yi wa aiki. Ya wuni a zaune a ƙasa cikin rana, sai da maigidansa ya zo da mutane suka tsaya masa. Washegari ya zo sito da kansa ya ajiye ta a kan sikeli. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ina da yara a gida. Ka gaida mini Inna, ka ce mata ban ƙi ta ba."

Ni ne ma ya kamata in ba shi haƙuri, na kuwa ba shi. Bayan ya tafi na zauna a kan buhu na rasa abin da ke mini daɗi. Ban yi fushi ba ma, fushi yana son ƙarfi, ni kuwa nawa ya ƙare a hanyar Gusau.

Muka koma zaman jiran tsammani. Na sake tayar wa Inna da maganar tashi, ta sake kallon bango. Matan unguwa suka rage zuwa, don ba abin da za a ji. Ita dai ba ta fasa ba, auta ya ce kullum bayan la'asar sai ta yaye kyallen ta kunna ta ajiye a gefenta tana tsintar wake.

Wata ranar kasuwa cikin kaka sarƙar baburin auta ta tsinke tun bai fita Bukkuyum ba. Bakanike ya ce sai an nemo wata, rana ta yi sanyi, na ce kada ya kuskura ya bi hanya a wannan lokacin, ya kwana a sito. Na san Inna za ta damu, amma na ce damuwar dare ɗaya ba ta kisa. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan yammacin an tare hanyar an tafi da mutane, kuma labarin ya isa ƙauyenmu a baki, wanda ya kawo shi ya ce a cikin waɗanda aka tare har da wani mai babur ɗauke da buhuna. Mu a Bukkuyum sai da safe muka ji.

Da safen ne wani ɗan kabu-kabu ya zo da saƙon mai inji cewa mu zo gida maza, Inna tana lafiya amma mu zo. Muka biya ta tudu. Mai inji ya kashe injinsa ya ja mu gefe. Ya ce jiya gab da magariba yana wanke hannu ya hango mutum a gindin tudu yana tahowa a hankali, ya ɗauka mahaukaciya ce, don ba mai hankalin da zai bi wannan hanya da ƙafa a ranar da aka tare ta. Da ya sauka ya ga tsohuwa, takalmi ɗaya a ƙafa, oba-oba a hannu. Bai taɓa ganin fuskarta ba, da muryar ya gane ta. Ya ce tana tafe tana dannawa tana sallama, ta saki ta saurara, ta sake dannawa. Tunaninta in ta matso kusa da tudu zai ji ta. Ya ce, "Ina tsaye a gabanta da tawa a ƙugu, tana kira, tawa ba ta ce komai ba. Ta tambaye ni auta, ni ma ban sani ba, ba ni da hanyar da zan tambaye ka." Ya ɗora ta a babur ya mayar da ita gida da kansa, ya kwana a masallacin ƙauyenmu.

Na kasa haɗa ido da shi. Tafiyar nan ko ni da ƙarfina sai na yi tunani kafin in yi ta da ƙafa.

Muka same ta a zaune a ƙofar ɗaki, ƙafafunta a kumbure cikin kwaryar ruwan ɗumi, wata maƙwabciya tana matsa mata. Auta ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar ba magidanci ba. Ta dafa kansa. Na zo da maganganu cike da baki, na tsara su tun a hanya, har da na faɗa, amma ban sami inda zan sa ko ɗaya ba. Ita ta riga ni. Wannan karon ba bango ta kalla ba, ni ta kalla, ta ce, "In an gama sussukar geron ga, a zo a ɗauke ni."

Shekara da shekaru ina neman wannan magana daga bakinta. Da ta fito, ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Na ce, "To, Inna."

Aka gama sussuka. Ta raba kajinta, ta ba maƙwabciyar akuyarta kiwo, ta kwashe waken da ke rumbu aka kai sito. Ranar tafiya muka zo da babura tun da hantsi, don mota ba ta shiga. Ta share tsakar gida tas, har bayan rumbu, ta jingine tsintsiyar a inda take ajiye ta. Matan unguwa suka taru, ana ta yafe-yafe, wasu suna faɗin su ma mazansu sun fara neman ɗaki a Gummi ko Anka. Da aka ɗaure kaya muka fito waje, sai aka ja ƙofar gida aka ga ba abin rufewa. Gidan nan tun da aka gina shi ba a taɓa fita duka an bar shi ba kowa ba, ba a taɓa buƙatar rufe shi ta waje ba. Sai da auta ya je wurin mai tebur ya sayo kwaɗo, aka nemo ƙusa aka buga ƙarfen saƙala shi.

Na miƙa mata kwaɗon don gidanta ne. Ta juya shi a hannu, ta saƙala, ta matsa bai kama ba, ta sake matsawa bai kama ba. Ba wanda ya motsa ya taya ta, duk mun san ba za ta so ba. Da ya kama, ta tsaya da ɗan mabuɗin a tafin hannu tana duba jikinta, ta taɓa bakin zane, ta taɓa ɗankwali. Sannan ta miƙo mini shi ta ce, "Riƙe. Ni ban san inda aka aje irin wanga abu ba."

Na sa shi a aljihu tare da na sito. Auta ya tayar da babur, muka taimaka mata ta hau.